Gefen Hagun Kangwa

Lombe ta karɓe rezar daga hannun mijinta tun kafin ya ajiye ta.

"Tsaya in gyara maka nan, ka bar ɗan gashi."

Ba ɗan gashi ya bari ba. Kuncin dama ya fita tas har yana sheƙi, na hagu kuwa tun daga kunne har haɓa kumfar sabulu ce kwance a kai, reza ba ta ko leƙa wurin ba. Kangwa yana kallon madubi, abin da yake gani mutum ne da ya gama aski.

"Ke dai ba kya rasa abin gyarawa," ya ce. "Tun kafin in san ki nake aske gemuna."

"Kaf Chingola babu mai iya aski kamarka, Baban Nsofwa. Ɗaga kai."

Ta aske masa, ta goge, ta fito da kwalar rigarsa ta hagu da ta naɗe ciki. A tebur ya sha shayi, ya cinye dafaffen dankalin da ke rabin faranti na dama, ya fara ƙorafin yau an yi masa rowa. Ta ce ya dubi taga ya gani ko hadari ne ke haɗuwa. Yana ɗauke kai ta murɗa farantin, sauran dankalin ya dawo dama. Ya waiwayo ya ci gaba da ci. Hannunta ya saba da wannan murɗawar har ba ta sanin lokacin da take yi.

Tun bayan Ista abin ya same shi. Hawan jini ya kayar da shi a banɗaki, aka kwashe shi zuwa asibiti ɓarin jikinsa na hagu a shanye. Allah ya taimaka ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, baki ya miƙe, likitoci suka yi ta yabonsa. Aka auna idanunsa aka ce lafiya lau. Abin da bai dawo ba, babu wanda ya lura da shi sai mai wanke masa faranti: duk abin da ke hagunsa ya fita daga duniyarsa. Ba makanta ba ce. Idon yana gani, hankalin ne ba ya zuwa wurin. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne bai san ya rasa komai ba. In ya bugi ƙofa da kafaɗa, kafinta yake zagi.

Kangwa direban babbar mota ne a ramin tagulla, irin motar nan mai kwashe ƙasa wadda tayarta ta fi rufin gidansu tsawo. Dokar kamfani ita ce duk direban da irin wannan ciwo ya taɓa, ba zai sake hawa mota ba sai likitar ƙwaƙwalwa ta gwada shi a Kitwe. In ya ci, ya koma aiki. In ya faɗi, a sallame shi. Lombe ta ga abin da zaman gida ya yi masa. Mutumin da muryarsa ke cika layi ya koma zama bakin ƙofa da takalmin aiki a ƙafa, yana sauraron ƙarar motocin rami daga nesa. Ta san in aka sallame shi ba zai daɗe ba, kuma ba ta shirya zama bazawara ba.

Ƙaninta Chomba ne ya turo mata wani shafin intanet na gwajin a waya. Shi a ganinsa taimakon jarrabawa ne kawai, don ya san mijin yayarsa da takarda ba sa ga-maciji. Shafin yana da komai: hoton kowace takardar gwaji, yadda ake ba da ita, yadda ake ba da maki. A saman shafin kuma an yi bayanin ciwon, har da hoton faranti da aka cinye rabi aka bar rabi. Ranar da ta ga hoton nan ta zauna a kicin ta yi kuka mai isarta, don a karo na farko ta san ba hauka take yi ba, ba kuma asiri aka yi musu ba. Washegari ta je shagon buga takardu ta sa aka buga mata su duka.

A ƙaramar bas zuwa Kitwe ta tura shi ciki ta zauna damansa. Haka ta tsara rayuwarsu: in a hanya ne tana hagunsa ta zame masa bango, in a zaune ne tana damansa don ya san tana nan. Baƙi ma a dama take zaunar da su, shi ya sa har yau babu wanda ya gane. Hadari ya taso baƙi ƙirin ta wajen iyakar Kwango. Da suka zo daidai tsaunin ƙasar da ake juyewa daga rami, Kangwa ya leƙa ta gabanta. Can sama, a bakin gaɓa, wata mota tana ja da baya a hankali.

"Dubi wancan, sabon hannu ne. Kin ga yadda yake rawa?"

"Na gani."

"Motar nan, Maman Nsofwa, ɗakin direba a hagu yake. Ta dama kuwa makauniya ce. Ki ajiye bas ɗin nan da mu a ciki a damanta, zan bi ta kai in ɗauka dutse na taka. Shi ya sa mai tuta a hagu yake tsayawa. In kana ja da baya zuwa bakin gaɓa, ba ka da ido sai shi. Ya ɗaga tuta ka zo, ya sauke ka tsaya. Ƙaninki ai ba ya iya komai a duniya sai wannan."

Ta ji bayanin nan ya fi a ƙirga tun suna saurayi da budurwa. Yau ne kawai ya sa ta kawar da kai daga tagar.

"Me za ka fara yi in ta ba ka takarda?" ta tambaye shi ƙasa-ƙasa.

"Kai, mace da naci. In ɗora hannun hagu a bakin takarda, in nemi zobena."

"Sai me?"

"In na ga zobe, daga nan zan fara. Layi-layi, kamar shuka masara. Makullan da zan soke a takardar arba'in ne, ba zan ajiye biro ba sai sun cika."

"Zanen agogo fa?"

"Sha biyu, shida, tara, uku, sannan sauran. Ni fa ban ga amfanin wannan wasan yaran ba. Lafiyata ƙalau."

"Na sani. Don kada su rikita ka ne."

A asibiti, a dogon bencin da ke ƙofar ɗakin gwaji, maza ne jere da takalman aiki, kowa ya sunkuya kan waya. Lombe ta saci kallon wayar na kusa da ita, ta ga makullan nan da ta sani kamar tafin hannunta, warwatse cikin ƙananan hotunan kifi da kofi da ganye. Mutumin yana bi da yatsa, leɓensa na motsi. Na gaba da shi kuma agogo yake zanawa a cinyarsa. Babu mai kallon ɗan'uwansa.

Da aka kira Kangwa, sai ga likitar da kanta a bakin ƙofa, wata gajeruwar mata mai furfura da tabarau rataye a wuya. Dakta Jere sunanta. Ta duba katin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kangwa. Wani Babembe kuma. Bari in ɓoye jakata."

Fuskar Kangwa ta washe. Jere sunan Angonawan gabas ne, su da Bemba kuwa abokan wasa ne, ko a gidan makoki suka haɗu sai sun taɓa.

"Ashe hannun masu cin ɓera aka kawo ni. Likita, kin karya da guda nawa yau?"

"Ɓera ai nama ne mai tsafta. Ku da kuka cinye birin ƙasar nan kaf, har gidan ajiyar dabbobi sai an sa muku mai gadi. Shigo. Matarka ce? Shigo ke ma, zauna can baya. Amma ko tari ban yarda ki yi ba."

Lombe ta zauna a kusurwa, jakarta a cinya. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru, taga mai kallon bishiyar mangwaro da iska ta fara kaɗawa. Likitar ta yi masa tambayoyi, wace rana ce, wane gari ne, ya amsa yana tsokanarta. Sannan ta ajiye takardar makullai a tsakiyar teburin, daidai ƙirjinsa.

Kangwa ya ɗaga hannun hagu ya ɗora a bakin takardar. Kansa ya fara juyawa a hankali, da ƙyar, kamar ƙofa mai tsatsa, har idonsa ya sauka kan zoben aurensu. Daga nan biro ya kama aiki, layi bayan layi. Da ya kai ƙarshe ya tsaya, leɓensa ya motsa, ya ga lissafi bai cika ba, ya koma wajen zobe ya sake bi har ya samo biyun da suka ɓace masa. Ya zana agogo, lambobinsa zagaye cif. Ya raba layuka a tsakiya. Ya kwafi hoton gida da tagoginsa duka biyu.

Dakta Jere ba takardar take kallo ba, hannunsa take kallo.

"Baban wa ake ce maka?"

"Baban Nsofwa."

"Baban Nsofwa, ka taɓa ganin takardun nan?"

"Ni? A ina? Mu Bemba ai da ilimi ake haifarmu."

"Da dogon hannu dai."

Ta tashi kamar za ta ɗauki wani abu a kabad, ta zagaya ta bayansa ba tare da takalminta ya yi ƙara ba, ta tsaya a hagunsa. Ta miƙa masa jan biro daidai kafaɗa, kusa da kunne, ba ta ce uffan ba. Wannan ba ya cikin shafin.

Kangwa yana zaune yana murmushi, yana kallon kujerar da ta tashi daga kai. Biron yana nan a iska. Yaro ɗan shekara biyu ma da ya waiwaya. Lombe ta ga likitar ta ɗan karkata kai, ta ga bakinta ya fara buɗewa.

Jakar Lombe tana da maɓallin ƙarfe mai ƙara. A gida, in suna gaban baƙi, da shi take yi masa ishara: in ya ji ƙas, ya juya hagu. Ba ta yanke shawara ba, yatsunta ne suka yi. Ƙas.

Kangwa ya juya, ya ga biron, ya karɓa.

"Kyauta ce? Ashe Angoni ma suna kyauta."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta dubi Lombe ta saman kan mijinta, ta dubi jakar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta koma kujerarta ta haɗa maki. Ta ce wa Kangwa ya je ɗakin gaba a auna jininsa, matarsa za ta same shi.

Da ƙofa ta rufe, ta cire tabarau ta murza idanu.

"Bai rasa ko ɗaya ba," ta ce. "Ni kaina in aka ba ni takardar nan ba shiri sai na rasa ɗaya ko biyu. Kwanan nan duk mazan da ke bencin can haka suke, kowa gwani ne. Wanda ya fito daga suma jiya ma gwani ne."

Lombe ta gyara jakar a cinyarta.

"Na san takardun nan suna yawo a waya. Waɗanda suka sa su sun ce mutane suna da haƙƙin sanin abin da ake auna su da shi. Ban ce ƙarya suke yi ba. Wataƙila akwai wata mata a wani wuri da ta gane ciwon mijinta saboda shafin nan, alhali mu ba mu gane ba." Ta tsaya. "Amma takardar nan amfaninta ɗaya ne, ta zo wa mutum ba zato. In ya san ta, ba ƙwaƙwalwarsa nake aunawa ba, haddarsa nake aunawa. Na rubuta a kawo mini sababbi, an ce ana dubawa. Kamfani kuwa maki yake so, ba ya karɓar 'jikina bai ba ni ba'."

"To ai ya ci, likita."

"Ya ci. Shi ya sa nake tambayarki, don ke kike ganin abin da takarda ta daina gani. A gida kin lura da wani abu? Wajen cin abinci, sa kaya, aski? Yana buge ƙofa?"

Kowace kalma sai da ta same ta. Lombe ta dubi bishiyar mangwaron. Ta tuna takalmin aiki a bakin ƙofa.

"Babu komai. Ya warke."

"Babu komai," likitar ta maimaita. Ta jawo takardar shaida ta sa hannu, ta buga hatimi, ta miƙa mata ita maimakon ta ajiye wa mai ita. "Ungo, ƴar'uwa. Ni ina nan har a tashi aiki. Ba na zuwa ko'ina cikin hadarin nan."

A waje iska ta cika titi da ledoji da ganye. Kangwa yana tafe yana fito, abin da rabonta da ji tun kafin Ista. Lombe tana hagunsa riƙe da gwiwar hannunsa, tana kauce masa da masu baro da ƴan keke. Ya kamata ta yi murna. Ta yi ta neman murnar a ƙirjinta, ba ta samu komai ba sai nauyi.

Sun yi da Chomba za su haɗu a wata rumfar abinci a gefen kasuwar Chisokone, don yau ba ya aiki. Suna zaune a benci, Lombe a dama, sai ta hango shi yana tahowa ta ɓangaren hagu, dogo siriri, yana ɗaga hannu biyu sama yana kaɗawa, irin kaɗawar da yake yi da tuta. Ya zo har kusa yana yi. Kangwa yana kallon mai tuƙa tuwo.

"Mulamu!" Chomba ya kira shi da sunan da suruki ke kiran suruki.

Kangwa ya juya dama yana neman muryar, ya dubi Lombe, ya dubi bayanta. Sai da Chomba ya zagayo gabansa.

"Lallai ma. Tun ba a ba ka mota ba har ka daina ganin talakawa?"

"Wa zai gan ka, kai da kake kamar sandar rake? Zauna, an ci gwaji. Ko ɗaya ban rasa ba, tambayi yayarka."

Chomba ya yi tsalle ya rungume shi, ya sumbaci Lombe a ka. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, a bayanta ya yi wayo, yanzu ga shi da mata da tagwaye masu rarrafe amma har yau in ya yi murna sai ya koma yaro. Bencin dama ya cika, don haka ya faɗa hagun Kangwa. Lombe ta buɗe baki za ta ce su yi musaya, sai ta fasa.

"Ni na ce muku shafin nan zai yi aiki," in ji Chomba. "Kuma ina da albishir. Na riga na ga foman. Na ce masa in mulamuna ya dawo, ni zan riƙe masa tuta, kada a haɗa shi da waɗannan sababbin masu barci a tsaye. Ya yarda. Litinin da safe, a sabon juji na arewa. Wurin akwai santsi yanzu da ruwa ya sauka, gaɓar ma ba ta gama zama ba, amma kada ka damu. Kai dai dube ni kawai. Ina nan hagunka kamar kullum."

"Ka dai sa riga mai haske," Kangwa ya ce, "kada in ɗauka turken fitila ne."

Suka yi dariya su biyu. Aka kawo ruwan wanke hannu, aka kawo nshima, tuwon masara mai tururi, kowa da farantinsa, da soyayyen kifi da ganyen kabewa. Tsawa ta yi can nesa. Ɗigon ruwa na farko ya fara buga kwanon rumfar.

Kangwa ya ci da yunwar mutumin da aka sake daga ɗauri. Yana ci yana ba da labarin yadda ya kunyata Bangoniya. Ya cinye tuwon dama, ya cinye rabin kifin tun daga wutsiya har tsakiya, ya suɗe wurin tas. Rabin hagu yana nan yadda aka kawo shi, an yanke shi a miƙe kamar da wuƙa. Ya ja da baya ya yi tsaki.

"Mutanen Kitwe ba su da tsoron Allah. Wannan ɗan abincin ne na mutum guda?"

Hannun Lombe ya tashi da kansa zai tafi wurin farantin. Ta kama shi da ɗayan ta mayar cinya.

Chomba ya yi dariya. "Mulamu, ka cinye wannan tukuna mana."

"Wanne?"

"Wannan. Ga shi gabanka."

Kangwa ya dubi farantin, ya dubi Lombe. "Ƙaninki ya fara sha da rana ne?"

Dariyar Chomba ta tsaya. Ya dubi tuwon, ya dubi fuskar surukinsa. A hankali ya ɗaga hannu, ya kawo shi daidai kunnen Kangwa na hagu, ya kaɗa yatsu. Ya matso da shi gaba kaɗan ya sake kaɗawa. Kangwa yana ƙoƙarin kiran mai abinci ta ƙaro masa. Chomba ya sauke hannun. Ya leƙo ta bayan Kangwa ya dubi yayarsa, ita kuma ba ta kawar da ido ba.

Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ta ɗauka zai yi faɗa, ko ya tashi ya fita, da ma hakan ya fi mata sauƙi. Maimakon haka sai ya miƙa hannu ya murɗa farantin, daidai yadda take yi, har da saurin.

"Ga ƙari an kawo, mulamu. Ci."

"Yawwa. Da magana ake samun haƙƙi a garin nan."

Ruwa ya kece. Ƙarar kwano ta rufe rumfar har sai mutum ya ɗaga murya. Chomba ya sunkuyo ta bayan Kangwa, Lombe ma ta sunkuya, kawunansu suka kusa haɗuwa.

"Tun yaushe?"

"Tun asibiti."

"Likitar ba ta gani ba?"

"Ta kusa. Ni na hana."

Chomba ya dubi ƙeyar surukinsa, mutumin da ya samo masa aikin nan, wanda ya tsaya masa a matsayin uba ranar aurensa.

"Ba komai, Yaya. Za mu san yadda za mu yi. Ba sai kowa ya ji ba. Ranar Litinin sai in tsaya masa a dama."

"A dama motar ba ta gani, Chomba."

Ya sani. Ya fi ta sani. Ta ga yana lissafi a ransa, yana zagaya motar, yana neman wuri.

"To a ina zan tsaya?"

Bai sake tambaya ba. Ya koma ya zauna daidai, ya gutsuri tuwo ya riƙe a hannu bai kai baki ba. Kangwa ya ƙarasa kifinsa yana lissafa abin da zai yi ranar Litinin: zai tashi da wuri, zai sa sabuwar hular da Nsofwa ta aiko masa daga makarantar jinya, zai gaisa da kowa a ƙofa don masu cewa ya ƙare su gan shi. Muryarsa ta dawo yadda take a da, cikakkiya, har mutanen benci na gaba suna waiwayowa suna murmushi. Lombe tana son muryar nan fiye da komai a duniya, kuma ta san in ta tashi daga wurin nan wataƙila ba za ta sake jin ta ba. Wataƙila ma ba zai yafe mata ba, don har ya mutu zai rantse lafiyarsa ƙalau.

Ta buɗe jakar ta duba. Takardar shaidar tana nan a ninke, da hatimin da bai gama bushewa ba. Asibitin ba shi da nisa, kuma likitar ta ce ba ta zuwa ko'ina.

Ta zame daga benci a hankali lokacin da ya sunkuya wanke hannu, ta bi ta bayansa ta fita ta hagu. Chomba ya ɗago ya gan ta. Bai tsayar da ita ba, ya dai matsar da ƙafarsa ta wuce. A bakin rumfar ta tsaya ta waiwaya. Kangwa ya juya dama, wurin da ta saba zama, yana ci gaba da magana, ya ga ba ta nan, ya fara dube-dube a damansa, wajen mai tuwo, wajen masu wanke kwanuka. Tana tsaye taku kaɗan daga kafaɗarsa ta hagu, a fili, babu abin da ya kare ta.

Jakar tana buɗe a hannunta, ruwa ya fara fantsama ciki. Ta saba rufe ta ba tare da tunani ba, har yatsunta sun kai kan maɓallin. Sai ta sa babban yatsa tsakanin ƙarfen biyu don kada ya yi ƙara, ta rungume jakar a ƙirji, ta shiga cikin ruwan.